Kunnen Idi da Kogin Gaya

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Daga mahaifiyarka a Dumega zuwa ga ɗana Arzika, wanda yanzu har tsofaffi ke kira Mushe, kiran girmamawa da ake yi wa malamin boko da Faransanci. Gaisuwa mai yawa gare ka, da matarka Hajo, da jikana, angona Idi. Allah ya sa motar da ta ɗauke ku ta sauke ku Gaya lafiya, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki, ya sa ƙasar ta karɓe ku, 'yan lakwal ɗin, wato makarantar boko, da za a damƙa maka kuma su zama masu jin magana fiye da yadda malaminsu ya kasance yana yaro.

Malam Sani ne ke riƙe da alƙalami, ni ce mai magana. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini kwaskwarima. Na ba Hajo takardar ta ɓoye cikin kaya, kada ta miƙa maka sai kun sauka kun sha ruwa, domin abin da ke cikinta ba irin wanda uwa ke iya faɗa tana kallon idon ɗanta ba ne.

Ranar da kuke ɗaure kaya ina bayan danga ina tsintar wake, sai na ji ka tsare Idi kana cewa, "In munka isa Gaya na gan ka bakin gulbi, bulalar lakwal za ta ƙare ga jikinka. Ka jiya?" Ya ce, "To, Baba." Na san wannan "to" ɗin, Arzika. Ni aka fara yi wa ita, kuma kai ka yi mini.

Ban ga laifinka ba da ka ji tsoro. Daminar bana sau biyu kunnen yaron nan yana zubar da mugunya, kai kuwa ka fi kowa sanin inda wannan hanya take kaiwa, tunda kunnenka na hagu ba ya jin ko tsawa. A nan tabki wata uku ko huɗu yake yi ya ƙafe, mu huta. Can kuwa an ce kogi ba ya tafiya ko'ina, rani da damina yana nan a ƙofar gari. To amma bulala ba ta tsare kunnen yaro. Ni na gwada ta kafin kai, saurara ka ji abin da ta saya mini.

Kana kamar shekarun Idi fara ta cinye mana gero, babanku kuma, Allah ya jiƙansa, aka tafi da shi aikin hanya na tilas. Aka bar ni da kai da yayyenka mata biyu da rumbu wanda ɓera ma ya daina leƙawa. A wannan damina ka koyi iyo a babban tabkin gabas da gari, ba wanda ya koya maka. Ni kuwa tabkin nan tsoronsa nake ji tun ina yarinya. An ce mana Doguwa ce ke zaune a tsakiyarsa, wajen da ruwan ya yi baƙi, kuma ƙanen babata can ya shiga bai fito ba. Na hana ka. Ka ce to. Washegari na ga idonka ja wur, fatarka ta yi furu-furu. Na ja farce a ƙwaurinka, farin layi ya fito, na karyo tsumagiya.

Da yake kai ba daga nan ba wajen wayo, sai ka riƙa shafa man gyaɗa kafin ka shigo gida, farce ya daina tona maka asiri. Ni ma na canza dabara, na koma taɓa zankonka da cikin kunnenka, in na ji danshi in kama ka. Sai ka ɗauko tsohuwar hular babanku, haɓar kada ɗin nan mai saukowa ta rufe kunnuwa. Da ka fito daga ruwa ka kifa ta, ka ja ta har wuya, ka ce mini kewar Baba kake yi. Wa zai cire wa yaro hular ubansa a irin wannan lokaci? Na bar ka. Da ita kake yini, da ita kake kwana, ruwan tabki na kwance a kunnenka, ba iska, ba rana, gumi na ƙara masa. Ni na ɗinka maka wannan dabara da tsumagiyata, ban sani ba.

Saboda haka ka bar Idi ya shiga ruwa da saninka. Yaron da ya san ba za a dake shi ba, da kansa zai shigo gida tsamo-tsamo ya miƙa kai a tsane masa, kuma ranar da kunnen ya fara ƙaiƙayi zai faɗa tun da safe. Wanda ke tsoron bulala kuwa ruwan zai ɓoye, ciwon ma ya ɓoye, sai ranar da wari ya tona. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗanka ne, zai shiga kogin nan ko kana so ko ba ka so, abin da ya rage maka shi ne ka zaɓa, a gabanka ko a bayanka.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A wannan damina ta yunwa kullum da yamma sai in tarar da tulin bado a bayan murhu, 'ya'yan da saiwar. Ban tambaya ba. Na san bado ba ya fitowa a kan tudu. Na daka, na dafa, muka ci mu huɗu, kuma da safe in na kama ka da danshi in dake ka. Wata rana na bi ka a ɓoye, na laɓe a gindin wata sabara. Wallahi Arzika, har yau ban ga abu mai kyau kamar wannan ba. Sauran yara suna ta facal-facal a bakin ruwa, kai kuwa ka miƙe sumul kamar an ja zare, ba fantsama, ba hayaniya, har can inda ganyen bado ya rufe ruwa. Ka nutse. Na ƙirga numfashina har na fara salati, sai ga kanka ya ɓullo can gefe, saiwa a baki, saiwa a hannu, kana dariya kai kaɗai. Ɗan ƙanƙanin yaro, haƙarƙari duk a waje, yana ciyar da gida. Na koma ta hanyar gonaki ina kuka, rabi tsoro, rabi alfahari. Da na kira ka a ranar na ce na gan ka, na gode, zo in goge maka kai, da watakila yanzu da kunne biyu kake karanta wa 'ya'yan mutane darasi. Girman kai ya hana ni.

Da ƙaiƙayi ya dame ka har ka kasa ɓoyewa, sai na yi maka abin da aka yi mini, abin da duk uwa a garin nan take yi. Na figo gashin zabo, na murza shi cikin kunnen. Ka lumshe ido don daɗi, ni kuma na ce magani ya kama. Kullum sai na yi, har da tsinken tsintsiya ina kwalfo dauɗar ciki, ina jin ni ce uwa mai tsabta. Daga baya aka fahimtar da ni cewa wannan dauɗa mai maiƙo da nake yaƙi da ita Allah ya sa ta ne don ta tsare ramin kunne daga ruwa, kamar yadda ake shafe ƙwarya da mai. Na kankare ta, na kuma karce fatar ciki, ruwan tabki ya sami ƙofa. Da zafi ya zo na narka man shanu a ludayi na ɗiga maka. Ihun da ka yi ranar, maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ta zaci kunama ce.

Don haka kada a sa wa Idi komai a cikin kunne. Ba gashin tsuntsu, ba tsinke, ba ashana, ba kan alƙalamin nan naka da na ga kai ma kana sosa na dama da shi in kana duba takardun yara. Ka daina, shi kaɗai ya rage maka. In kunne yana zuba kuma, kada a ɗiga masa mai, ko ruwan albasa, ko nonon mai jego, ko wace tsohuwa ce ta rantse da shi, ko da ni ce. A goge abin da ya fito waje da tsumma mai tsabta, sauran a bar wa likita.

A nan sai in yaba wa matarka, kuma ina so ka karanta mata wannan wurin da ƙarfi. Hajo ba ta taɓa zama kan bencin lakwal ba, amma je ka ga yadda take yi da Idi in ya dawo daga tabki. Tun daga ƙofa take tare shi da wasa, ta ce zakara ya yi mata rawa. Sai ya karkata kai gefe guda, ya kama leɓen kunne yana ja, yana tsalle da ƙafa ɗaya har ruwan ya gangaro, ya juya ya yi wa ɗayan. Ta goge masa wajen kunnen da bakin zane mai tsabta, iyakar inda yatsa ke tsayawa, ta zaunar da shi inda iska ke kaɗawa, kai a buɗe, ta ba shi ɗan abin taunawa don ya zauna. Tun bayan ciwon nan na biyu kuma, kafin ya tafi takan mulmula auduga da man kaɗe ta toshe bakin kunnen, ba ta tura ta ciki, in ya dawo ta cire ta jefa a wuta. Ta ce anfarme, ma'aikacin asibitin da ya duba shi, shi ne ya nuna mata. Na tambaye ta ko ba ta gajiya da wannan hidima kullum, ta ce, "Inna, ai ya hi sauƙi bisa ga kwana zaune da ɗiya yana kuka." Yarinyar nan ta fi ni hankali a shekarunta, na faɗa ba kunya. Abin da take nema wurinka kaɗan ne, kada ka rushe mata gini da tsawa. In ka hana ruwa, ka hana rawar zakara ke nan, domin wanda bai shiga ruwa ba me za a tsane masa?

Yanzu ga babban kuskurena, wanda Malam Sani ya ce ko a tsallake, na ce a'a.

Da mugunya ta fara zuba, hular babanku ta yi wari, jikinka ya ɗauki masassara, sai na ce shi ke nan, mai tabki ta taɓa shi. Na kama 'yar kazar da ta rage mana, na ja hannunka sai gidan tsohuwa Dela mai bori. Allah ya jiƙan matar nan. Ta karkata kanka wajen haske, ta shinshina, ta danna bayan kunnen ka zabura. Ta mayar mini da kazata ta ce, "Ke ɗiyar nan, wanga ba namu ba na. Doguwa ba ta da hannu ciki. Ruwa ne ya ruɓe mishi. Ki ɗauke shi ki tai Dogon Dutsi wurin likita, tun yau." Mace ce da ke cin abinci da iskoki, ga kaza a hannu cikin shekarar yunwa, amma ta faɗi gaskiya ta sallame ni.

Ban tafi ba. Ba nisan hanya ne ya hana ni ba, ko da yake tafiya ce ta kwana a hanya da jaki. Tsoro ne. Likita, wato asibitin, a bariki take, kuma mutanen bariki su suka tafi da babanku. A lokacin duk garin nan an yarda cewa in Nasara ya ga yaro mai wayo a ido, sai ya sa a rubuta shi lakwal, ya tafi ke nan. Mata har cikin rumbu suke ɓoye 'ya'yansu in an ji gardi, dogarin Nasara, ya shigo gari. Na dube ka na ce wannan ko makaho ya san yana da wayo, in na kai shi ba zan dawo da shi ba. Na zauna ina jiƙe-jiƙe da turare-turare. Zubar ta tsaya, na yi murna, na ce ka warke. Kai kuma ka koma tabki tun ramin bai rufe ba, a ƙarshen damina, lokacin da ruwan ya ja baya ya yi kore, shanun Fulani na shiga suna fitsari, mata na wanki a gefe. Ciwon ya dawo ya fi na da. Haka muka yi ta yi, ya tafi ya dawo, har babanku ya komo daga aikin hanya da ƙafafu a fashe. Bai ko huta ba, da ya ji warin kunnen ya ɗora ka kan jaki, ni ina biye.

Anfarmen da muka tarar mutumin Dahome ne, Hausarsa a karkace, hannunsa kuwa mai taushi kamar na ungozoma. Ya daɗe yana leƙawa da 'yar fitila, yana tsane mugunyar da auduga a hankali, kana zaune ko motsi ba ka yi ba, sai hawaye. Sannan ya ɗago ya ce, "Mama, don me sai yanzu?" Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce fatar nan ta can ciki mai kama da ta ganga ta cinye, zai tsayar da zubar amma jin ba zai dawo ba. Ya ƙara da cewa mu gode wa Allah abin bai bi ƙashi ya hau kai ba. Babanku bai taɓa goranta mini ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Irin mutumin da ya haife ka ke nan.

Lakwal ɗin da na yi wa gudu kuwa, da kaka ta zagayo mai gari ya ba da sunanka, aka zo har ƙofar gida aka tafi da kai. Gudun gara na yi na tarar da zago. Ga shi yau ita ce ke ciyar da ni.

To kai da kake cikin mutanen bariki, ba ka da uzurin da na fake da shi. Da ka sauka Gaya, kafin ka nemi inda ake sayar da goro, ka nemi inda likita take, ka kai Idi a duba kunnen tun yana lafiya, a san shi. In ya fara sosa, ko ka ja leɓen kunnen ya ce wash, ko ya ƙi kwanciya ta gefe guda, wannan ranar ce ranar zuwa, ba gobe ba. In masassara ta haɗu da shi, ko bayan kunnen ya kumbura, to ko kana tsakiyar darasi ka ajiye alli. An ce yanzu akwai allurar da ba a da ita a zamaninka. Kuma tsayawar zuba ba warkewa ba ce, nan ne na faɗi. Kada ya koma ruwa sai wanda ya leƙa da fitila ya ce ya koma. A irin waɗannan kwanaki kaɗai za ka hana shi, da ranakun da yake mura, kuma ka gaya masa dalili da ranar da hanin zai ƙare. Yaro na iya haƙuri da hanin da ke da iyaka. Wanda ba shi da iyaka shi ake haurawa ta bayan danga.

Ban taɓa ganin kogi ba, saboda haka ba zan yi maka ƙaryar sani ba. Amma fataken da ke zuwa da kifi busasshe sun ce in ya janye yakan bar ƙananan tabkuna a gefe, ruwa kwance mai ɗumi, kuma can yara suka fi so don ruwan ba ya ja. Wannan shi ne ɗan'uwan namu na ƙarshen damina, shi za ka raba Idi da shi. Shi kuma kogin yana da nasa haɗarin, ga ja, ga kada, ga dorina. Ka sauke girman Mushe ka je wurin Sarkawa masu kamun kifi, ka gaishe su da kyau, ka tambaye su inda nasu 'ya'yan ke wanka da inda ba a shiga. Su suka san ruwansu.

Kuma ka shiga tare da shi. Tun ranar Dogon Dutsi ban sake jin an ce an gan ka cikin ruwa ba, ka ɗauki fushin kunnen ka ɗora wa iyo. Ka tambayi likitan can, in ya yarda ka toshe naka da audugar Hajo ka nuna wa ɗanka yadda ake miƙewa a ruwa. In bai yarda ba, ka naɗe wando ka tsaya iya gwiwa ka koya masa da baki. Ya kamata yaron nan ya san wane ne ubansa. Mutumin da ya yi karatun Nasara da kunne guda, yana zama gaban aji yana karkata kai, har ya wuce masu biyu, bai taɓa dawowa gida ya ce Inna ke kika ja mini ba. Ban san inda ka samo wannan zuciya ba, ina jin ta babanku ce. Ina alfahari da kai, na faɗa, Malam ya rubuta.

Ka gaishe mini da Hajo, ka ce na sa mata ƙullin man kaɗe da auduga gurzajjiya a cikin ƙwaryar daddawa. Ka ce wa angona in ya ga 'yan matan Dendi, ƙasar da kuka sauka, ya manta da ni, to ya aiko mini da takardar saki da kifi babba. Yayyenka suna gaisuwa, Malam Sani ma ya ce a sa tasa. Allah ya tsare ku daga sharrin ruwa da na tudu, da na mutum da na iska. Allah ya raya Idi da ji da gani, ya ba ka haƙurin zama da 'ya'yan mutane, ya maido mini da ku lafiya lokacin hutu.

Saura abu ɗaya. Kafin a kai ka likita, lokacin da jin ya riga ya tafi ni ban sani ba, nakan kira ka daga bakin murhu kana zaune ka ba ni gefen hagu, ka yi shiru. In sake kira, shiru. Sai in ce raini ne, in taso da muciya. Kana kuka kana cewa, "Inna, wallahi ban jiya ba," ina cewa ƙarya kake. Ka yafe mini wannan, Arzika. In wata rana ka kira Idi bai amsa ba, kada ka ɗaga murya, kada ka ɗaga hannu. Ka tashi ka zagaya ta ɗaya gefen ka sake kiransa a hankali. Ni sai da aka yi damina biyu kafin in zagaya.

Ni ce mahaifiyarka, mai yi muku addu'a safe da yamma. Wassalam.